Ragowar Kwanon Alhaji Zayyad

A da, in aka ambaci Alhaji Zayyad a kasuwar Malanville ta arewacin Benin, 'yan albasa kan ce: "Ɗan majalisa guda, amma bai rage wa kowa loma." Ba su san dalili ba.

Tun yana ƙaramin dillali ya je wa wani boka a bayan ƙauyen Garu, rana tsaka. Bukkar ba taga. Busasshen kan jaki na rataye, wata tukunya rufe da jan ƙyalle tana numfashi kamar mai barci.

"Dukiya nika so, da kujera," in ji Zayyad. "Amma ban ba da jinin kowa."

"Wa yac ce jini? Ragowar kwanonka nika so. Wanda duk yac ci abin da ka rage, nawa ne."

"In na cinye duka fa?"

Boka ya yi dariya. "Sai ka cinye."

Zayyad ya ga araha. Ya manta cewa ragowar maigida albarka ce, rububinta ake yi.

Motocinsa suka cika gadar Gaya ta iyakar Nijar, ƙuri'a ta kai shi majalisa. Ran walimar nasara masu gaisuwa suka janye shi daga cin tuwo, ƙanensa Taufiq ya jawo kwanon. Bayan kwana uku Taufiq ya rasu, aka rufe shi ciki a kumbure.

Daga nan kullum sai Zayyad ya suɗe kowane kwano tas, ko da zai yi amai. Bai gaya wa kowa ba.

Wata safiya direba na ta danna oda, ana jiran Zayyad a majalisa can Porto-Novo. Ya kurɓi fura, cikin sauri ya manta da ragowar, ya fice. Matarsa Maijidda ta ɗanɗana, ta miƙa wa ƙaramar ɗiyarsu.

"Munawwara, sha albarkar babanki."

Zayyad bai kai garin Kandi ba aka kira shi a waya. Yarinyar ta rasu. Maijidda ba ta mutu ba, hankalinta ya tafi: tana yawo a kasuwa tana kaɓar da abinci daga hannun yara.

Motoci suka ƙone, kujera ta suɓuce. Mai kwaɗayi ya sani, boka ba ya neman abin da za ka iya tsarewa.

Zayyad ya iske Maijidda a rumfar albasa, ya durƙusa gaban jama'a.

"Maijidda, ba hannunki ya kashe ta ba. Ni na saida ku, kuma na yi shiru. Ki yahe mani."