Maɗacin da Bai San Iska Ba

Na'urarsa Barau yake karewa a ranar nan, ko kuwa dai bai so gaskiya ta fito daga bakin Lantana ba? Babu mai iya rantsewa, har shi kansa.

Na'urar, wadda ya raɗa wa suna Tsinkaya, tana bin gungumen itace da siririn haske, tana auna danshinsa da nauyinsa da kaurin jijiyoyinsa. Shekara uku ya yi yana haɗa ta a Sashen Kimiyyar Itace na Jami'ar Tudun Marke, da ita kuma zai kare digirinsa na uku. A zamanin an daina saran daji. Cikin dogayen gidajen gilashi ake renon maɗaci, ana shayar da shi ta bututu, wata takwas ya kai girman na shekara arba'in. Gungume sittin aka kawo don rufin sabon zauren karatu mai cin ɗalibi dubu, Tsinkaya ce za ta ce a ɗora ko a fasa.

Allon na'urar ya nuna kore, alamar a ɗora, a kan dukkansu.

Lantana, abokiyar karatunsa, 'yar masu sassaƙa turmi ce. Kullum da gizagon mahaifinta a jaka, kuma kullum sai Farfesa Dikko ya ambaci sunanta a aji. Barau zai kwashe mako yana lissafi, ita ta shinshina katako ta faɗi abin da ya samu. Wannan ya daɗe yana cin ransa.

Ta buga gungume ɗaya da ƙotar gizago, ta yamutsa fuska.

"Injiniya, zo ka kara kunne a wancan bakin, in buga maka daga nan."

"Jami'a muke, ba gindin kirya ba."

"A gindin kiryar aka san itacen ƙwarai ƙara yake kamar ƙarfe. Wannan kuwa kamar an bugi kabewa. Bishiyar da iska ba ta taɓa jijjigawa ba, jijiyoyinta ba sa sarƙewa, jere kawai suke. Nauyi yana nan, riƙo ne babu."

"Sai ki rubuta a kundinki: kabewa."

"Zan rubuta. Kai ma ka rubuta cewa da itacen daji ka koya wa 'yarka aiki, ba ta taɓa ganin ɗan gilashi ba sai yau."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Tsoffin katakan gidan tarihi ya ba Tsinkaya ta koya, kuma a itacen daji duk mai nauyi yana da ƙarfi. Ba a taɓa raba nauyi da ƙarfi ba sai da mutum ya yi gaggawar renon itace a gilashi.

Farfesa Dikko ya leƙo, ya saurari kowa, ya ce, "Barau, sa hannunka takardar amincewa take jira. Masu ɗora rufi suna waje." Ya dubi Lantana ya yi murmushi kafin ya fita. Murmushin nan ya fi komai ƙona Barau.

Ya jawo takardar. In ya sa hannu, digiri ya tabbata, an kuma san wanda ya fi. In ya fasa, aikin shekara uku ya faɗi a gaban ƙotar gizago. Ta taga yana hango injin ɗagawa ya saki igiyoyinsa, ɗalibai na ratsawa ta ƙarƙashin ginin, wasu har sun shimfiɗa littattafai a inuwarsa. Ya tambayi kansa: da Farfesa ne ya ce kabewa, zai yi musu? Amsar ba ta yi masa daɗi ba.

Ya ajiye biro. Ya taka zuwa ƙarshen gungumen, ya durƙusa, ya manna kunnensa a jikin itacen ba tare da ya dube ta ba.

"Buga," ya ce.