Tallar Ɗinkin Bara'atu

"Wagga talla ce ko waƙar biki? Maccido, ka hwaɗa mini, mi kar rubuta?"

Bara'atu ce tsaye a zauren gidansu na Ƙofar Dundaye, almakashi a hannu. Maccido, saurayinta mai rubuta tallace-tallace a gidan rediyo, yana ta satar kallon almakashin nan.

"Haba sanyin idona... kowa a ofis sai da ya yaba!"

"Masu yabon sun kawo ɗinki?"

Maccido ya sosa ƙeya.

Ga yadda abin ya faru. Shekarar kuɗin Udoji ce, da gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, har masinja a Sakkwato yana neman sabon kaya. Bara'atu ta sayi keken ɗinki, ta roƙi Maccido ya sa mata talla. Shi kuwa bawan Allah so ya hau masa kai, ya zauna ya rangaɗo: "Bara'atu ta Ƙofar Dundaye! Mai yatsun zinariya, mai fararen idanu, wanda ya gan ta sai ya dawo!" Har aka gama karantawa ba a ambaci ko allura ba.

Kashegari sai ga Vespa jere a ƙofar gida. Mace ko ɗaya babu. Samari ne zalla, wani ma da wandon da ya yaga da hannunsa don ya samu dalilin sallama. Malam Sodangi, mahaifinta, sai da ya ratsa tsakanin babura kafin ya isa masallaci.

Babban abin kuwa shi ne Alhaji Tambari, ɗan kwangilar siminti. Wannan bai tsaya yaga wando ba. Kai tsaye ya bi ta hannun Gwaggo Dodo, ƙanwar Malam, da turamen atamfa da turare. Tun ranar Gwaggo ba ta da zance sai marsandin Alhaji.

"Baba ya ce in taron ga bai watse ba, za a rufe keke a ɗaki," in ji Bara'atu. "Gwaggo ko kullum tana kunnenai, wai ɗiya irina gidan Alhaji ta dace da shi. Kai kaj jawo mini shi, da bakinka!"

Maccido ya share gumi.

"Ni fa gaskiya na rubuta, Bara'atuna. Idanun naki ba farare ba ne?"

Ta so ta yi dariya, ta danne.

"Idanu nike saidawa? Ɗauko alƙalami."

Ya ɗauko.

"Rubuta: Mata masu neman ɗinki kafin Sallah..."

"Haka kawai? Ba ɗan kirari?"

"Mata, na ce! Wadda ta ji an kira ta, ita ka tsayawa ta saurara. Sa riga da zane, sa anko na biki, sa kayan yara. Sa gidan Malam Sodangi, bayan masallaci, daga hantsi zuwa la'asar."

Yana rubutawa yana ɓata fuska kamar mai shan maɗaci.

"Wannan ai ko ɗan koyo zai rubuta ta. Abokan aiki za su yi mini dariya."

"To zaɓi. Dariyarsu, ko ka ga marsandi ta zo ɗaukar amarya."

Alƙalami ya ƙara gudu.

"Saura layi guda," ta ce, tana kallon ƙasa. "Rubuta: Maza kada su wahalar da kansu, an riga su."

Ya ɗago kai a firgice.

"Wa... wa ar riga su?"

"Oho. Amma ka san gidan rediyo ba ya karanta ƙarya. In kana son a karanta layin ga, sai ka san yadda kay yi ya zama gaskiya."

Ta shige gida ta bar shi da baki buɗe.

Ai kuwa ba a karanta tallar ba sai da baffannin Maccido suka zo da goro. Malam ya kira ɗiyarsa ya tambaye ta, ta rufe fuska da gyale, wannan kuwa ya ishe shi amsa. Da talla ta fita, Vespa suka ɗauke, mata suka cika tsakar gida da ƙunshin yadi, har daga unguwar Gidan Dare.

Labari ya iske Gwaggo Dodo a gidan suna. Ta iso tana haki, sanye da atamfar Alhaji, sabuwa fil.

"Yaya, ashe ka ba da ɗiya ga mai surutu cikin akwati? Ni mi zan ce wa Alhaji?"

Malam bai ko ɗago daga buzunsa ba.

"Abin da kinka ce mishi ran da kinka amshi kaya, shi za ki warware."

"Na riga na yanka! Ga shi jikina!"

Bara'atu ta leƙo daga ɗakin ɗinki, ta dube ta sama da ƙasa.

"Gwaggo, wa ya ɗinka miki? Hannun dama ya hi na hagu tsawo. Kawo in gyara, ba ni amsar ko kwabo."

Matan tsakar gida suka tuntsire da dariya.

Gwaggo ta ja tsaki, ta figi gyalenta, ta fita ta maka ƙyauren zaure har ƙasa ta zubo daga bango.