Layin da Abdulwahab Ya Tsallake

Ana kiran sallar magariba a Limancin Kona, Sa'adatu tana kwashe tuwo, dutse na farko ya faɗo a kan kwanon ɗakin baya. Aka ce yaran unguwa ne. Bayan rabin awa cif wani ya faɗo, gidan ya yi tsit, har kaji suka daina motsi a akurki.

Mijinta Abdulwahab ko kai bai ɗago daga kwamfuta ba. Mutum ne mai taurin kan tsiya, Allah ya shirye shi. Gidan da shagunansu na fata duk akwai na'ura a ƙofofi, duk ƙofar da aka buɗe sai kwamfuta ta rubuta lokacin. Yayansa marigayi Auwal ne ya tsara dokokin rubutun. Da manhajar kwamfutar ta sauya salo, Abdulwahab ya zauna ya mayar da dokokin zuwa sabon salon, ya damƙa su ga wani shiri mai aiki da kansa, wanda duk rabin awa yake zagaya na'urorin yana mayar da komai yadda aka umarce shi.

Layi ɗaya ya tsallake. Layin ya ce duk abin da ƙofar baya ta kawo a zubar, kada a rubuta. Ya ja tsaki ya ce shirmen Yaya ne.

Tun daga ranar, kullum magariba sai rubutu ya nuna ƙofar baya ta buɗe, alhali ga kwaɗo a garƙame. Wani hannu da ba a gani ya maido tsohon layin, shirin ya zagayo ya cire, dutse ya faɗo. A kwana na huɗu Radiya, 'yarsu ɗaya tilo, ta daina cin abinci. Ta zauna ta zuba wa ƙofar ido, tana gurnani da muryar tsoho.

"Baban Radiya, don girman Allah ka mayar da abin da ka cire," in ji Sa'adatu tana kuka.

"Ni aljani zai koya wa aikina?"

Ita da kanta ta je Kusfa ta ɗauko Malam Bahago, malamin ruƙiyya. Ya zauna a kan buzu bayan la'asar, ya yi ta karatu a hankali har rana ta yi ja. Can yarinyar ta sandare, bakinta ya buɗe, muryar tsohon nan ta fito.

"Ya ishe ka, Malam, kana ƙona ni. Hanyata ce wannan tun ba a yi ganuwa ba. Auwal ya gan ni ya rufa min asiri. Wannan marar kunyar ya sa ana rubuta shigata da fitata kamar ɓarawo, kuma ya aiko min bawansa marar sallama duk rabin awa."

"Yarinya ba ta yi maka komai ba," Malam ya ce. "Za a gyara. Me zai fitar da kai?"

"Ya rubuta layina da sabon rubutunsu. Layi da layi. Ya yi min, ni ma in yi masa irinsa."

Malam ya ɗaga hannu, alamar kowa ya yi shiru, don ya san ba a amsa wa irinsu sai an tambayi ma'ana. Ina! Abdulwahab ya riga ya tunzura.

"Na yarda! Ka fita, tsinanne!"

Ya fizgo kwamfuta ya buga layin. Malam Bahago ya sunkuyar da kai yana salati. Yarinyar ta yi wata dariya mai sanyi, ta yi atishawa sau uku, ta zube.

Dutse bai sake faɗowa ba. Radiya ta farka ta gane uwarta, ta gaida Malam, ta nemi ruwa. Abdulwahab ya durƙusa gabanta yana hawaye yana kiran sunanta. Ta gyara mayafi, ta matsa bayan uwar.

Aka gaya mata mahaifinta ne, ta ce to. Kafin a idar da isha ta manta. Duk abin da ya fito daga gare shi ba ya zama a kanta, an zubar, kamar yadda layin ya ce a yi wa ƙofar baya. Abdulwahab ya goge layin, ya sake rubutawa, Malam ya yi wata uku yana zuwa, babu abin da ya sauya.

Shekara biyu ke nan. Kullum da safe in Abdulwahab ya fito tsakar gida, sai ta rusuna ta gaishe shi da ladabi, sannan ta shiga madafa ta ce a hankali, "Mama, baƙon nan har yanzu bai tafi ba?"