Fuskata a Kan Hasumiya

"Ke ce, Avice! Na rantse da Allah ke ce!"

Saura kaɗan tulun madarar ya suɓuce min.

Pernel ce ta sha gabana a bakin harabar coci, tana haki kamar wadda aka koro.

"Ni ce me?"

"Dodon da Hamon ya sassaƙa wa sabuwar hasumiya mana! Na gan shi a rumfar magina kafin su ja shi sama. Kitsonki ne, har ɗan tabon girarki... amma haɓa zaƙaƙam kamar ta akuya, idanu rami-rami. Irin waɗanda ake kafawa a bakin indararo suna aman ruwan sama. Sai haƙuri, ƙawata."

Wai ƙawata! Yarinyar da tun saukar magina ƙauyenmu take kai wa Hamon burodi da cuku, yana mayar mata da kwandonta yadda ta kawo shi.

"Ƙarya kike yi."

"To, na dai gaya wa Babanki."

Na juya da gudu na nufi wajen Baba.

Na tarar da Baba a garke yana daka wa tumaki tsawa ba laifin komai. Kuɗin gashin tumakinsa ne ya gina rabin hasumiyar nan, kuma dama da ƙyar ya yarda ya ba da ni ga magini mai yawon gari-gari.

"Baba, ka saurare ni..."

"Na saurari me? 'Yata, a saman ɗakin Allah, tana tofa wa jama'a ruwa har tashin duniya? Jikokin jikokinmu suna nuna ki suna dariya?"

"Ba mu gani ba tukuna!"

"Ba sai na gani ba. Magina sun saba. A gefen arewa na cocin ba ga fuskar wani mai niƙa da ya ɓata musu rai tun zamanin kakanni ba? Har yau da kunnen alade yake." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Gobe in Fada, limamin coci, ya yi tambaya, ni zan amsa."

Lahadi biyu ke nan Fada Gervase yana sanar da aurenmu, gobe ce ta uku. Mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, shi ke nan, magana ta rushe. Ranar Litinin kuma magina za su naɗe kayansu su yi gaba, da Hamon a cikinsu.

Na zauna, na miƙe. Na ɗauki zare, na jefar. Kai, ni ba zan iya jiran gobe ba!

Na ratsa tsohuwar ƙofar kudu mai zagayayyen kai, wadda ta girmi kowa da komai a ƙauyen. Na wuce ƙarƙashin zanen ranar hisabi ban ɗaga ido ba, na shige matakalar hasumiya. Mata ba sa hawanta. Ƙunci, duhu, ga murɗiya har jiri ya kama ni. Na wuce ƙararrawa, na fito kan katakan magina, iska tana neman yaga min riga.

Ga dodon nan a gefen taga, an lulluɓe shi da tsumma.

Na fizge.

Wayyo Allah...

Pernel ba ta yi ƙarya ba. Kitsona ne. Tabona ne. Goshi ya turo gaba, haɓa ta yi tsawo, idanu an ƙwaƙule su har yatsa zai shige.

"Avice! Me ya hau da ke nan?"

Hamon ne, fari fat da ƙurar dutse, guduma a hannu.

"Haka kake ganina?"

"Zuciyata, matso daga bakin katakon nan tukuna..."

"Kar ka ƙara ce min zuciyarka! Haka kake ganina, Hamon?"

"Ba don a kalla daga nan aka yi fuskar ba. Ba indararo ba ce ma, duba, bakinta a rufe yake. Don masu kallo daga ƙasa aka yi ta. In aka cire katakan nan, ki tsaya a bakin rumfar ƙofa, inda ake ɗaura aure, ki ɗaga kai..."

"In ɗaga kai in ga akuya?"

"Avice, don Allah!"

Na zare zobensa na danƙa masa a tafin hannu. Ina son mutumin nan kamar raina, shi ya sa abin ya ci ni har ƙashi. Na sauko ina kuka, ina jin sa yana ƙwala wa abokan aikinsa kira su zo a kwance katako yau-yau.

Da safe Baba ya sa rigarsa ta zuwa coci, fuska a murtuke. Na bi shi a baya kaina a ƙasa. Na yi wa kaina alkawari ba zan kalli sama ba.

Amma me? Jama'a sun yi cirko-cirko a bakin rumfa, kowa ya ɗaga haɓa. Babu mai dariya.

Baba ya tsaya cak. Sandarsa ta faɗi.

"Edelina..." ya ce a hankali.

Sunan mahaifiyata ne, wadda ke kwance a gindin tsohuwar bishiyar harabar tun ina goye.

Sai na ɗaga kai.

Daga nan ƙasa haɓar ta koma daidai. Ramukan idon sun cika da inuwa, sun zama idanu masu rai, suna kallon duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar. Ni ce. Ni ce sak, har da ɗan murmushin da nake yi in ina ɓoye dariya. Ashe ma da mahaifiyata nake kama, ba wanda ya taɓa gaya min.

"Ai... ai a kusa ba haka take ba," in ji Pernel.



A ciki, Fada ya kira sunayenmu.

"Duk wanda ya san dalilin da zai hana wannan aure, ya faɗa yanzu."

Kowa ya juya wajen Baba. Ya yi gyaran murya.

"Fada, ci gaba mana," ya ce, yana goge ido da hannun riga. "Ƙafafuna sun gaji."

Na waiga. Hamon na can baya jikin ginshiƙi, jakar kayan aikinsa ɗaure a kafaɗa, ya riga ya yi shirin tafiya. Na kutsa cikin mutane, ko kunya ban ji ba.

"Ina zobena?"

"Ke kika mayar."

"Na fasa. Ajiye jakar nan."

Ya ajiye. Ya zura min zoben.

"Amma haɓar nan, Hamon..."

"Ba mai ganinta, zuciyata, sai tantabaru," ya raɗa min. "Da kuma wata mai taurin kai da ke hawa inda aka hana ta."