Majanyi Mai Sheƙi

A Gagarawa Tasha an yi wata yarinya 'yar aji uku a firamare. Tana da ladabi, tana da ƙoƙari a makaranta. Amma kai, taurin kai! In ta kafe a kan abu, ko kwana za ka yi kana magana, a banza.

Innarta ta haifi namiji, aka sa masa suna Ilu. Da wuyansa ya yi ƙwari, Inna ta ce, "Daga yanzu in kin taso makaranta, ke za ki riƙa goya shi."

Yarinya ta yi ta tsalle. Sai dai majanyin Inna ya yi mata tsawo, har jan ƙasa yake yi. Dole a nemo mata nata.

Ran kasuwa, Goggo Talatu, ƙanwar babanta, ta tafi da ita. Suka tsaya a rumfar mai zannuwa. Goggo ta ɗauko wani saƙi fari da baƙi, mai kauri.

"Ga shi nan," in ji Goggo. "Wannan in kin ɗaure, ya ɗauru."

Yarinya ko kallonsa ba ta yi ba. Idonta yana kan wani yadi ja, sai sheƙi yake yi a rana.

"Goggo, ni wancan nake so."

"Wanne? Wancan mai santsi? Ke, ba a goyo da shi."

"Ai ya fi kyau."

"Kyan ɗan maciji ke nan. Kwancewa zai yi."

"Zan ɗaure shi tamau."

"Na ce ba ya ɗauruwa!"

Yarinya ta turo baki. Aka nuna mata shuɗi, ta girgiza kai. Aka nuna mata mai ratsin kore, ta juya baya. Rana ta take, ƙafar Goggo ta gaji. Har mai zannuwa ya fara fifita da hularsa yana tsaki.

"Wayyo ni Talatu!" in ji Goggo. "Malam, yanko mata jan. In mun je gida ta ƙarata da uwarta."

Inna na taɓa yadin ta ce, "A'a. Ɗana ba zai hau wannan ba. Ajiye shi ki yi ɗankwali da Salla. Ki yi ta fama da nawa har wata kasuwar."

Yarinya ta ce to. Amma to ɗin nan a baki ta tsaya.

Ana nan sai aka aiko cewa Kaka za ta zo daga Nguru a jirgin ƙasa. Ba ta taɓa ganin Ilu ba. Ranar, Inna tana ta fama da tuwon baƙuwa, hayaƙi ya cika mata ido.

"Goya shi ku je ku taro ta," in ji Inna. "Ki bi a hankali."

Yarinya ta shige ɗaki. Ta sunkuya, ta ɗora Ilu a baya, ta ja zane. Ta dubi majanyin Inna, ta ture shi. Yau fa tasha cike take da mutane! Ta jawo jan yadin nan, ta ɗaure, ta sulale ta fita.

Ba ta kai bakin rijiya ba, ƙulli ya saki. Ta tsaya ta ɗaure. Ta je gindin tsamiya, ya sake saki. Ta ƙara ɗaurewa tana ƙunƙuni. Ilu ya zame, kansa ya dawo tsakiyar bayanta. Ta cilla shi sama, ya sake zamowa.

"Kai Ilu, ka zauna mana!" in ji ta.

Ji wata magana! Laifin Ilu ne? Mai hankali daga nan zai koma gida. Ita kuwa ta ci gaba, hannu ɗaya a ƙulli, ɗaya a bayanta. Gumi sai zuba yake yi.

Can jirgi ya yi kuka. Yara suka kwasa a guje, ita ma ta bi su. Ta hango Kaka a taga, ta ɗaga hannu biyu tana kira, "Kaka! Kaka!"

Nan take ƙullin ya warware. Zane ya biyo shi. Ta ji bayanta ya yi sakayau.

Allah ya sa wata mai sayar da gyaɗa tana zaune a wurin. Ta watsar da faranti, ta cafe Ilu saura kaɗan kansa ya bugi ƙasa. Ilu ya tsandara kuka. Gyaɗa ta watsu ko'ina.

Yarinya ta fashe da kuka ita ma. Ba ta taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kaka ta sauko da sauri. Ta karɓi Ilu, ta duba kai, ta duba hannu da ƙafa. Lafiyarsa ƙalau. Ta yi wa matar godiya, ta tsaya aka tsince gyaɗa. Sannan ta juyo.

"Ke! Haka za ki zubar mini da miji a ƙasa, tun ban gan shi ba? Wa ya ba ki wannan ki yi goyo?"

"Ni na zaɓa, Kaka."

"Uwarki ta sani?"

"Ta hana ni."

"Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Wuce mu tafi."

A gida Inna ba ta doke ta ba. Ta rungume Ilu. Can ta ce, "Ba ki ƙara goya shi sai na ga kin yi hankali."

Wannan ya fi mata duka ciwo. In ta dawo makaranta, Ilu ya miƙo hannu yana dariya, ba halin ta ɗauke shi. Sai ta koma bayan rumbu ta yi ta hawaye.

Da kasuwa ta zagayo, ta durƙusa gaban Inna. "Inna, ki yi haƙuri. Na tuba. A bar ni in sake zaɓa."

Wannan karon Kaka ce ta raka ta.

"Kada ki zaɓa da ido kaɗai," in ji Kaka. "Ƙulla shi, ki ja da ƙarfi. Sannan ki goga a kumatunki. In ya kankare ki, zai kankare shi."

Yarinya ta yi ta ƙullawa tana ja. Wani ya zame, ta ajiye. Wani ya yi kaushi, ta ajiye. Daga ƙarshe ta sami wani saƙi mai laushi. Ta ja iya ƙarfinta, ƙulli ko motsi.

Suka wanke shi, suka shanya. Da ya bushe, Inna ta gwada ƙullin da kanta. Sai ta ce, "Sunkuya."

Ta ɗora mata Ilu. Yarinya ta ɗaure, ta zagaya tsakar gida. Kafin ta kai ƙofar zaure, Ilu ya kwantar da kai ya yi barci.

Yara, majanyi don lafiyar jariri ake zaɓensa, ba don a burge mutane ba. In manya suka ce bari, a bari.