Jirgin Siminti a Rufin Su Jagroop

Fiffike ɗaya kawai aka yi wa fenti. Shi na fara hangowa da motar haya ta shigo ƙauyenmu: tankin ruwa mai siffar jirgin sama, sabo fil, a kan rufin gidan su Jagroop, saurayina.

A wajenmu ba a ɗora irin wannan jirgi sai gida ya samu mutum a ƙasar waje. Su Jagroop ba su da kowa a waje. Ni suke da ita.



Kowa ya ɗauka baikona na zo. Babu wanda ya san dawowar ke nan. Na gama digirina a Kanada, na nemi izinin aiki kamar kowa, aka hana ni, saboda zangon karatu ɗaya da na tsallake lokacin da mahaifina yake jinyar ajali. Lauyar da na gani ta karanta, ta cire tabarau, ta ce in daina zuwa aiki daga ranar.

A wannan zangon ne kuma na san Jagroop. Shi yake kai mu asibiti a Jalandhar, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da kofin shayi har ya huce. Ba ya magana, ni ma haka. Ƙanwar mahaifiyata takan ce baunar da muke kiwo a gida ta fi mu biyun hira.

Biji, mahaifiyata, ta rungume ni tana faɗan na rame, wai ko Turawa ba su san man shanu ba. Na buɗe baki zan gaya mata, sai na kasa. Ita ce a lokacin jinyar mahaifina ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce in ƙara zama kaɗan, makaranta ba za ta gudu ba.

Washegari tsakar gidanmu ya cika. Sardar Balkar Singh, mahaifin Jagroop, ya shigo da rawaninsa ruwan hoda, muryarsa na gaba yana biye. Ya dafa kaina, ya tambaye ni ko na ga jirgina. Ya shaida wa jama'a cewa ya riga ya saya wa ɗansa rigar sanyi mai nauyin buhun alkama, aka yi ta dariya. Ni ma na yi.

Na samu Jagroop a bayan gida, kusa da injin yankan ciyawa. Na faɗa masa duka, idona a kan takalminsa.

Ya ce mahaifinsa ya riga ya ba da gonarsu haya, tunda a ganinsa ɗansa zai bi ni Kanada, babu mai noma ta kuma.

"Tavleen... ki bari a lulluɓa miki mayafin tukuna. In aka lulluɓa, ba mai iya cirewa. Daga baya sai mu faɗa."

"Su ce na yaudare su?"

"In kin faɗa yanzu zai tashi ya tafi da ni. Kin san shi."

"Kai kuma za ka bi shi?"

Sai aka ƙwala kiran sunana daga ciki.

Aka zaunar da ni a kan shimfiɗa a tsakiyar mutane. Mahaifiyar Jagroop ta warware jan mayafin baiko, ta ɗaga shi da hannu biyu a saman kaina. Ina jin ƙamshin sabon yadi. Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba.

"Mata ji, ki dakata," na ce mata, da sunan girmamawar da muke kiran uwa. "An hana ni izinin aiki. Ba zan koma Kanada ba."

Ina jin tukunyar shayi tana tafasa a madafa.

Biji ba ta tambaye ni dalili ba. Ta dube ni kawai, na ga ta gane zangon nan da ta sa na tsallake ne, ta sa gefen gyalenta ta toshe baki.

Sardar Balkar ya yi wata 'yar dariya, ya ce ai wannan ba komai ba ne, ya san wani a birni mai gyara irin waɗannan abubuwa. Na ce ba ya gyaruwa. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Sai ya juya ga ɗansa.

"Ka sani?"

"Ɗazu na sani, Bapu ji."

"To tashi."

Na rufe ido. Na ji motsin tashinsa, na ji takunsa... na ce shi ke nan. Sai shimfiɗar ta motsa a gefena. Jagroop ne ya zauna.

Mahaifiyarsa tana nan tsaye, mayafin a sama, tana kallon mijinta, tana kallon ɗanta.

"Mama," ya ce a hankali, "hannunki zai gaji."

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Na dai ji yadin ya sauka a kaina, da tafinta mai ɗumi a bisansa.

Ta cikin jan mayafin na hango Sardar Balkar. Ya dubi alewar da ke hannunsa, wadda ya kamata ya sa mini a baki, ya mayar da ita cikin faranti. Ya gyara rawaninsa, ya ratsa ta tsakanin mutane, ya fita.