Ɗayan Kunnen Iyafis

Saura kashi uku a gama fim ɗin mayun nan mai dogon zango matar Tela ta rasu. Shekara biyu suna kallonsa a waya da iyafis ɗaya, kowa da kunnensa, suna musu kan maharbin da ya sayar wa mayu ƙaninsa. Shi ya ce marubuta sun lalata mutumin kirki, ita kuwa ta ce a dai bari a gani.

Daren da kashin ƙarshe ya fito, ya rufe shago, ya zauna a gefen benci, ya bar mata wurinta. Kunne ɗaya ya sa, ɗayan na lilo a ƙirjinsa.

Maharbin ya koma ya ceto ƙaninsa. Tela ya share ido da ƙyallen yadi.

"Duk da haka sun yi gaggawa," ya ce, don bakinsa ya saba.

"Gaggawar me, Maigida? Tun kashi na tara yake kuka a ɓoye, kai ne ba ka lura."

Babu numfashi a muryar. Ya dubi ƙirjinsa. Igiyar iyafis ta daina lilo, ta miƙe zuwa hagunsa, daidai tsayin kunnenta.